Yadda Ake Neman Dangin Da Suka Watsu A Ƙasashe

Da wuya a sami ƙauye a ƙasar Hausa da babu gidan da ke da ɗan'uwa a wata ƙasa. A wani gida za a ce, "Ƙanen kakanmu ya tafi Gwanja fataucin goro, bai dawo ba." A wani gidan kuma a ce, "Yayar kakarmu ta bi mijinta Makka a ƙasa, suka tsaya a Sudan." Yawancin waɗannan mutane sun yi aure a can, sun hayayyafa. Yau jikokinsu suna Kumasi, ko Yawunde, ko Injamena, ko Madina. Wasunsu suna neman gida kamar yadda gida yake nemansu.

Abin damuwa shi ne, tsofaffin da suka san sunayen waɗanda suka tafi suna ta ƙarewa. Duk tsohon da ya rasu ba a rubuta abin da ya sani ba, ya tafi da hanyar. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake wannan bincike, da inda ake farawa, da kuma ramukan da ke kan hanya.

ME YA RABA DANGI?

Abu na farko shi ne fatauci. Shekaru aru-aru fatake suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Suna kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro. Madugu ne ke jan ayari, tafiya kuwa ta watanni ce. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. A 1892 yaƙi ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse. Hausawan da ke can suka bazu zuwa Yeji da Kete Karachi da Kumasi da Akara, wadda Hausawa ke kira Ankara. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru a Kano aka haife shi, ya zauna a Salaga, amma a Kete Karachi ya rasu a 1934.

Abu na biyu shi ne aikin hajji da hijira. Kafin jirgin sama ya yawaita, a ƙasa ake zuwa Makka. Ana bi ta Barno, a shiga Chadi, a ratsa Darfur, a kai bakin Bahar Maliya. Mutum yakan yi shekaru a hanya, yana noma ko ƙwadago don ya tara guzuri. Da yawa sun zauna a hanyar ke nan. A 1903 kuma, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa. An kashe shi a yaƙin Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan. Suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sannar. Har yau sunan garin Mai Wurno.

Abu na uku shi ne yaƙi da iyaka. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, gidan sarautar Katsina na dā ya koma Maraɗi, na Gobir ya koma Tsibiri. Daga baya Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakani. Wa ya zama ɗan Nijeriya, ƙane ya zama ɗan Nijar, alhali rijiya ɗaya suke sha.

Akwai kuma kora. A 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi masu yawa. A irin wannan gaggawa miji ya rabu da mata, uba ya rabu da 'ya'ya.

SUNA KAƊAI BA YA ISA

A wasu ƙasashe, kamar Ingila, gida yana da suna ɗaya da ake gada daga kaka zuwa jika har ɗaruruwan shekaru. Mai bincike sai ya bi wannan suna cikin littattafai. A ƙasar Hausa ba haka abin yake ba. Yaro yana ɗaukar sunan ubansa ne. Misali, Audu ya haifi Musa, ana ce masa Musa Audu. Musa ya haifi Sani, ana ce masa Sani Musa. Sani ya haifi Bala, ya zama Bala Sani. Kafin a kai tattaɓa-kunne, sunan Audu ya ɓace daga takarda.

Wasu kuma sunan gari aka laƙaba musu a makaranta ko wurin aiki. Haka aka sami Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. To, ba duk mai amsa Kano ne ɗan'uwan Malam Aminu ba.

A ƙasar Saudiyya akwai mutane masu yawa da sunansu ke ƙarewa da Hausawi, ko Barnawi, ko Fallata. Ma'anarsa Bahaushe, ko mutumin Barno, ko Bafulatani. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2018, 'yan wasan Saudiyya uku suna amsa Hausawi. Wannan suna yana nuna ƙabilar kakanni ne kawai. Ba ya nuna gari, balle gida.

Rubutun suna ma yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Nijar da Chadi da Kamaru ana bin rubutun Faransanci. Usman yakan zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, Umaru ya zama Oumarou. A Gana Husaini yakan zama Fuseini, Sa'idu ya zama Seidu, Umaru ya zama Imoru. Suna ɗaya ne, rubutu ne ya bambanta.

Saboda haka suna ƙofa ce kawai. Sai an haɗa shi da abu biyu, wato wuri da lokaci, sannan a ce an kama hanya. Kama da wane ba ta wane.

MISALIN GIDAN DANTATA

Gidan Dantata na Kano sananne ne, kuma tarihinsa a rubuce yake. Yana nuna duk abin da aka faɗa a sama.

An haifi Alhaji Alhassan Dantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, daga cikin Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro. Kakansa daga ƙasar Katsina ya zo ya zauna a Madobi. Mahaifin ya rasu Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ta koma Ankara da zama. Sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan aka riƙa ce masa Ɗan Tata. Da ya tasa ya bi mahaifiyarsa Gana, ya shiga cinikin goro. Daga baya ya zauna a Kano, ya yi fice a cinikin gyaɗa. Ya rasu a 1955.

A nan akwai darasi uku. Na ɗaya, sunan da duniya ta sani ba sunan uba ba ne, sunan mariƙiya ne. Wanda ya je Katsina ko Madobi yana cigiyar kakannin wannan gida da sunan Dantata ba zai same su ba. Na biyu, labarin gida ɗaya ya taɓa Katsina da Madobi da Bebeji da Ankara da Kano. Na uku, Alhaji Aliko Dangote tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne ta wajen uwa, domin mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce. Mai bin suna kawai ba zai gane haka ba. Wannan ya nuna dole a bi dangin uwa kamar yadda ake bin dangin uba.

A FARA DAGA GIDA

Ba a fara wannan bincike da shiga mota. Ana farawa ne daga zaure da tsakar gida. A sayi littafin rubutu guda, a keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Kowane mutum a ba shi shafi ɗaya. A shafin a rubuta waɗannan abubuwa:

1. Sunansa na yanka da laƙabinsa.
2. Sunan ubansa da na uwarsa.
3. Garin da aka haife shi da unguwar.
4. Sana'arsa.
5. Matansa, ko mijinta, da 'ya'ya.
6. Inda ya tafi, da wa ya tafi, da abin da ya kai shi.
7. Sunan wanda ya ba da labarin, da ranar da ya bayar.

Mai bincike ya fara da kansa, sannan ubansa, sannan kakansa. Hawa-hawa ake yi kamar tsani. Kada ya tsallake ko da mutum ɗaya don ɗokin isa ga wani sarki ko malami.

A fara da wanda ya fi kowa tsufa. Kada a manta da tsofaffin mata. Su ne suka fi riƙe labarin aure da haihuwa da goyo. Gwaggo ko inna takan san wanda aka ba riƙo, da wanda ya sha nonon wa. Amma a tuna da kunya. Tsohuwa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Sai a tambayi wani ya faɗa, ita kuma ta gyaɗa kai.

A lura da laƙabi. Danladi da Danjuma da Talatu sunayen rana ne. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Gambo kuwa mai bin tagwaye. Yaron da ake ce wa Abba ko Baba, galibi sunan kakansa ya ci. Wannan babbar alama ce, domin sunan kaka yakan dawo a jika ko da a wace ƙasa aka haife shi.

Idan akwai wayar salula, a nemi izinin tsoho a ɗauki muryarsa. Amma kada a dogara da waya kaɗai, tana lalacewa, tana ɓata. A kwafe maganar a littafi. Kuma kada a gajiyar da tsoho. Gara a je sau biyar a yi hira kaɗan-kaɗan, domin tuni ba ya zuwa rana ɗaya.

YADDA AKE GANE SHEKARA

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba. Suna riƙe ta da abin da ya faru. Sai a tambaya, "Da ya tafi, wane sarki ne a kan gado? An yi yunwa ko ba a yi ba?" Ga wasu shekaru da za su taimaka:

Zuwan Turawa Kano da Sakkwato, 1903.
Isowar jirgin ƙasa Kano, 1911.
Yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914.
Sarautar Sarkin Katsina Dikko, 1906 zuwa 1944.
Sarautar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953.
Yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945.
Zuwan Sarauniyar Ingila na farko, 1956.
Samun mulkin kai a Nijeriya da Nijar, 1960.
Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970.
Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973.

Sunayen wurare ma sun canza. Injamena ta sami sunanta ne a 1973, dā Fort Lami ake ce mata. Ƙasar Dahome ta koma Benin a 1975. Idan tsoho ya ambaci tsohon suna, a rubuta shi yadda ya faɗa, sannan a sa sabon a gefe.

ALAMOMIN DA SUKA FI SUNA DAƊEWA

Akwai abubuwan da mutane ke tafiya da su duk inda suka je. Na farko tsagar gado. Gobirawa suna da tasu, Barebari suna da tasu, haka Katsinawa da Kabawa. Yanzu an rage yin tsaga ƙwarai, amma tana nan a fuskar tsofaffi da tsofaffin hotuna. Tsohon wanzami yana iya duban hoto ya faɗi asalin mai shi.

Na biyu sana'ar gado, kamar ƙira da rini da dukanci da fawa da wanzanci. Na uku kirarin gida, wanda maroƙa da zabiyoyi ke riƙewa. Na huɗu sunan asali, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da Wangarawa. Fatake sun riƙe waɗannan sunaye da kyau, domin da su ake samun masauki da amana a baƙon gari. Idan mutumin Kumasi ya ce kakansa Ba'agale ne daga Kano, mai tsaga kaza, to bincike ya yi sauƙi.

TAKARDU

A buɗe tsohuwar adaka da gafaka. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a wata takarda cikin gafakar Alƙur'ani. A nemi tsofaffin wasiƙu na ajami, da rasiɗin haraji, da fasfon hajji, da takardar sallamar soja, da takardar rabon gado ta kotun alƙali. A duba bayan hoto, wani lokaci akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garinsa. Ambulan ma kada a yar, domin kan sarki yana nuna ƙasar da wasiƙa ta fito.

Rubuta asali ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wangarawan Kano suna da littafin asalinsu da aka rubuta da Larabci wajen 1650. Ya ba da labarin zuwansu daga ƙasar Mali tare da shugabansu Abdurrahman Zaite. Shekara fiye da 370 ke nan, kuma har yau ana karanta shi.

Akwai kuma gidajen ajiye takardun tarihi. A Kaduna akwai gidan adana takardu na ƙasa, da Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. A can ana samun rahotannin gundumomi da jerin hakimai da dagatai. Sai dai ba a cika samun sunan talaka a cikinsu ba. Amfaninsu shi ne tabbatar da lokaci da wuri. Wanda zai je ya tafi da malamin makaranta ko ɗalibi mai jin Turanci.

NEMAN RESHEN DA KE WAJE

Idan an haɗa suna da wuri da lokaci, sai a aika cigiya. Kusan duk garin da Hausawa suka zauna a waje akwai zango, akwai sarkin zango ko sarkin Hausawa, akwai limami. A Ankara akwai Nima da Sabon Zango. A Yawunde akwai unguwar Birkitari. A Sudan, ban da Mai Wurno, akwai Hausawa a Gadarif da Kasala da Wad Madani. Waɗannan shugabanni su ne suka san gidaje da asalinsu.

A rubuta gajeriyar wasiƙa. A faɗi sunan wanda ya tafi, da garinsu, da sana'arsa, da zamanin da ya tafi. A ba amintaccen mutum mai zuwa can, kamar ɗan kasuwar goro ko na shanu, ko direban babbar mota, ko maniyyaci. Ana iya ba da cigiya a gidan rediyo. Ana kuma iya aika saƙon murya ta WhatsApp, ko a sa wani yaro ya duba Facebook. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda yaƙi ko gudun hijira ya raba shi da nasa kwanan nan, ya je ofishin ƙungiyar agaji ta Red Cross. Suna da sashen haɗa iyalai, kuma kyauta suke yi. Wannan ya shafi masu dangi a Sudan, inda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Wanda kuma zai yi tafiya da kansa, ya fara zuwa ofishin shige da fice ya ji irin takardun da ake bukata.

GWAJIN ƘWAYAR HALITTA

Yanzu akwai gwajin da ake yi da yawu ko jini, wanda ke nuna ko mutum biyu suna da dangantaka. Akwai wata ƙwayar halitta da uba ke gadar wa ɗansa namiji, shi ma ya gadar wa nasa ɗan. Idan ta maza biyu ta zo daidai, alama ce sun haɗa kaka ta wajen uba. Amma gwajin ba ya faɗin sunan kakan, ba ya faɗin garinsu. Yana da tsada, kuma yana iya tono abin da zai ta da hankalin gida. Kada a yi shi sai da shawarar manya. Littafin da aka cika da bakin tsofaffi shi ne gaba.

A YI HATTARA

Na farko, a guji 'yan damfara. Wani zai bugo waya ya ce shi jikan wane ne, kafin a jima ya nemi kuɗin mota. Maganin wannan shi ne, kada a faɗi duk abin da aka sani a cikin cigiya. A ɓoye abu biyu ko uku, kamar sunan uwar wanda ya tafi, ko laƙabinsa na gida. Ɗan'uwa na gaskiya shi zai faɗe su da bakinsa, ko ya kawo tsohon da zai faɗa.

Na biyu, a raba "an ce" da "an tabbatar". Labarin da mutum ɗaya ya bayar a rubuta masa "an ce". Sai wani daga wani gida dabam ya faɗi irinsa, ko takarda ta nuna, sannan a rubuta "an tabbatar".

Na uku, a karɓi gaskiya yadda ta zo. Kowa yana son a ce kakansa sarki ne ko sharifi. Amma wani zai tarar kakansa manomi ne, wani ɗan dako, wani kuma bauta ce ta kawo shi a zamanin da ake yinta. Babu abin kunya a ciki, babu wanda ya zaɓi inda za a haife shi. Jingina kai ga gidan da ba na mutum ba shi ne abin kunya. Sirrin da tsoho ya faɗa a ɗaka kuma, kada a kai shi kasuwa.

Na huɗu, idan maganar gona ko gida ta taso, a kai ta gaban malamai da alƙali. Kada a bari neman zumunci ya koma shari'a da gaba.

Wannan aiki ba na wata ɗaya ba ne. Wani yakan yi shekaru kafin amsa ta zo. Ko ba a sami kowa a waje ba, littafin ya zama gadon yara, sun san su wane ne su. Idan kuwa an dace, ranar da jikan wanda ya tafi Gwanja ya yi sallama a ƙofar gidan kakansa, wahala ta biya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tafiyar farko kuwa ba ta da nisa, daga nan ne zuwa ɗakin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gida. A je yau da littafi da alƙalami, kada a bari sai gobe.